Agogon Yayanki da Ƙafarki ta Hagu

Lokuwa, Mubi.

'Yata Masi,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Jos lafiya, ya tsare motarku daga ramukan hanya, ya tsare direbanku daga gyangyaɗi da gaggawa. Na cusa ta cikin takalminki na gudu ne domin na san shi za ki fara cirowa daga jaka, tun kafin ki nemi ruwan wanka.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya kika bar shi. Kin san karatuna bai wuce firamare ba, sai ki yi haƙuri da rubutun. Maganata a kan abu biyu ne da suka zama ɗaya: agogon marigayi yayanki Tizhe da ke ɗaure a hannunki, da ƙashin ƙafarki ta hagu da ya tsage bara. Likita ya ce ya haɗe. Amma ya ce in kika koma irin gudun da kike yi, wannan karon karyewa zai yi, kuma kin san sansanin horon da aka zaɓe ki ba za su ajiye mai dogara sanda ba. A gabana ya ce taurin kanki ne ya jawo. Muka bar shi a haka, alhali mu biyun mun san akwai hannuna a ciki. Zan faɗa miki inda na yi kuskure, domin kada ki ɗauki kuskurena ki hau da shi dutsen Jos.

Kina tuna lokacin da Tizhe ya dawo daga tseren Yola da agogon nan? Ya zo da bel ɗin da ake ɗaurawa a ƙirji don ya ji bugun zuciya, da wani ɗan abu kamar ƙwallon dabino da ake maƙalawa a igiyar takalmi. Kullum da safe yana filin firamaren da ke bayan gidanmu, mu kuma hanyarmu ta zuwa bohol ta gefen filin take. Zai tashi a guje ya zagaye filin, sai ya tsaya yana tafiya a hankali yana kallon hannunsa, can kuma ya sake zabura. Wata safiya maƙwabciyarmu Maman Ladi ta sauke bokitinta ta ce, "Maman Tizhe, ɗan naki mai ne ya ƙare masa? Yanzu ya tashi kamar an koro shi, ga shi kuma ya koma tafiyar amarya." Wata ta ce, "Kafireto ne ya toshe, a kai shi wurin bakanike." Suka yi ta dariya. Na taya su, amma abin ya ci ni.

Da ya shigo gida na ce masa, "In gudu za ka yi, ka yi gudu. In tafiya ce, ga jarka can, je ka ɗebo mini ruwa."

Ya ce, "Mama, agogo ne ya ce in huta."

Na ce, "Agogon ne ya haife ka?"

Ya yi dariya har ya zauna a kan turmi. Ya nuna mini yadda abin yake. Agogo zai girgiza, shi kuma ya ruga iyakar saurin da aka tsara masa. Ya sake girgiza, ya sassauta har zuciyarsa ta sauko. Ya sake girgiza, ya tashi. Haka har adadin ya cika. Ya ce, "Tafiyar nan da kike rainawa, ita ce ke ba ni gudu na gaba. In na tsallake ta, gudun ƙarshe ba zai yi kyau ba."

Na ji, amma ban yarda ba. A ƙauyenmu Bahuli na tashi. A wurin gayya, duk wanda ya miƙe bayansa alhali sauran suna duƙe, har yamma da sunansa ake waƙa. Da wannan tunanin na girma. Shi ya sa da kika fara bin sa fili, in na zo wucewa na gan ki kina tafiya, sai in ɗaga murya in ce, "Masi, kada ki tsaya!" Ke kuma yarinya ce mai jin magana. Kika koyi danna maɓalli ki tashi tun hutun bai cika ba. Har yanzu kina yi, ina gani. To ki bari. In agogo ya ba ki hutu, ki cinye shi tas, ko duk filin suna kallonki, ko wata 'yar Filato ta wuce ki tana murmushi. Ba ki je Jos don ki burge masu ɗiban ruwa ba.

Akwai kuma abin da na manta game da gayyar, sai daga baya na tuna. Samarin da ke fara layi kamar wuta, kafin a kawo kunu sun zube ƙarƙashin ɗorawa suna haki. Ke ma haka kike yi da zagayen farko. Kina tashi ki duba agogo, ki ga lambar zuciya ba ta hau ba, sai ki ƙara wuta. Yayanki ya sha faɗa miki cewa zuciya ba ta hawa nan take, baya take biyowa. Ki fara da saurin da kika san za ki iya maimaita shi a zagayen ƙarshe. Lambar za ta iso da kanta.

Wani kuskuren ƙarami ne, amma ki ji shi. Bel ɗin nan ya taɓa goge miki fata a ƙarƙashin ƙirji har ta yi ja. Na ɗauko man kaɗanya na lafta miki, na ɗaura bel ɗin a kai da hannuna, ina jin na yi aikin uwa. Ashe mai yana hana shi jin zuciya. Ranar agogo ya yi ta nuna miki kamar kina zaune a inuwa, ke kuma kina ta ƙara gudu don lambar ta hau, har kika yi amai a bakin fili. Da Tizhe ya zare bel ɗin ya shinshina, sai ya juyo ya ce, "Mama, ƙosai za ki soya da yarinyar nan?" Ruwa kawai yake so. Ki jiƙa wuraren nan biyu masu santsi na cikin bel ɗin kafin ki ɗaura, balle Jos da aka ce sanyi na busar da fata. In kin gama ki ɗauraye shi da ruwan sanyi ki shanya a inuwa. Man kaɗanyar da na sa miki a jaka na bayan wanka ne. Kuma duk ranar da lamba ta ce ba ki gaji ba alhali numfashinki yana cewa kin gaji, numfashin za ki bi. Bel yana iya zamewa, batir yana iya mutuwa.

Kada kuma ki ce saboda haka za ki raina shi gaba ɗaya, domin nan ma na taɓa faɗuwa. Akwai safiyar da kika tashi kika ce mini bugun zuciyarki na kwance ya fi na kullum yawa, kina tunanin ko ki fasa fita. Na taɓa goshinki na ji ba zafi. Na ce, "Inji ne, me ya sani? Sha kunu ki tafi." Kika tafi. Kafin la'asar zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ke, muka yi kwanaki muna zirga-zirgar asibiti. Agogon ya riga hannuna ji. In kin ga haka a can, ki gaya wa kocinku, ki je a duba jininki. Malam Bappa, kocinku na nan Mubi, ya ce kwanakin farko a Jos zuciya za ta ɗan fi bugawa saboda garin a sama yake, don haka kada ki tsorata, kada kuma ki yi gardama da ita. Sannan tsayuwar nan da kike yi a ƙofar gida kina jiran agogo ya kama tauraron ɗan'adam, wadda nake ce miki kin tsaya kamar an dasa ki, ki ci gaba da yin ta. Na gane in bai kama ba, nisan ƙarya yake auna miki.

Waɗannan duka da baki ma zan iya faɗa miki su. Wanda ya sa na zauna rubutu shi ne wannan.

Ranar da aka kawo Tizhe daga hanyar Betso, bayan babbar mota ta bugi babur ɗin da ya ɗauko shi daga gona, agogon yana hannunsa. Ko gilashin bai tsage ba. Wata daga cikin matan zumuntar cocinmu ce ta kwance shi ta sa mini a tafin hannu, yana ta aikinsa kamar ba abin da ya faru. Da aka tashi zaman makoki kika roƙe ni shi, na ba ki. Bayan 'yan kwanaki Malam Bappa ya sake zuwa gaisuwa. Kin san shi da kunya, ya daɗe yana juya hularsa kafin ya ce, "Mama, in Masi za ta yi aiki da agogon nan, sai an gyara cikinsa. A ciki an rubuta namiji ne, da shekarunsa, da nauyinsa, da iyakar bugun zuciyarsa. Duk atisayen da ke ciki da ƙafar Tizhe aka auna su."

Na ce, "Malam, jiya-jiya muka rufe shi da ƙasa, yau kuma ka zo ka goge shi?"

Ya ce, "A'a Mama, ana iya barin sunansa da gudunsa. Awon jikin kawai za a canja."

Na ce ba za a taɓa komai ba. Na juya na kalle ki na ce, duk wanda ya taɓa abin da ke cikin agogon nan ya sake binne mini ɗa. Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ba da haƙuri," ya sa takalminsa ya fita. Na ga yadda kika rufe agogon da ɗaya hannun.

Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Wata rana ina tuƙa tuwo kika shigo kicin da gumi kika ce, "Mama, zo ki ga." Kin gano cewa agogon yana iya kiran tsohon gudun mutum ya yi tsere da shi. A gilashin ga 'yan mutane biyu ƙanana, ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Kika nuna na gaban kika ce, "Ga Yaya." Kika nuna na bayan kika ce, "Ga ni." Na saki muciya. Tuwon ranar ya kama, babanku ya ci shi haka.

Daga ranar na fara ɗaukar kujerata 'yar tsugune in je bakin fili. Ni da nake wa Tizhe faɗa a kan ɓata safiya, sai ga ni zaune ina jiran ki gama ki zo ki nuna mini. Kullum tambayata ɗaya: "Yau da nawa ya tsere miki?" Ki ce, "Saura kaɗan, Mama." In ce, "Gobe ki kamo shi." Ina jin agogon yana ta kuka a hannunki duk zagaye, yana cewa kin yi sanyi, domin saurin namiji ƙaƙƙarfa yake nema a wurinki. Hutun da yake ba ki ma na zuciyar Tizhe ne, wadda ke saukowa da wuri. Taki tana sama, sai ya girgiza, ke kuma ki tashi. Na san wannan, domin Malam ya faɗa a gabana.

Kika fara ɗingishi. Ba zan ce ban gani ba. Ni ce nake dafa ruwa in gasa miki ƙafar da tsumma, in shafa man zafi, gari ya waye in ɗauki kujerata in bi ki. Maman Ladi da kanta, mai dariyar nan, ta tare ni a bohol ta ce, "Maman Tizhe, ki dubi tafiyar yarinyar nan fa." Na ce mata sabon takalmi ne. Gaskiyar ita ce ina son in ga ɗana yana gudu, ko da ɗan ɗigo ne a gilashi, kuma ba ya motsi sai kin motsa. Da ƙafarki nake kallonsa.

Kin san sauran. Ranar da kika zauna a tsakiyar fili kika kasa tashi, Malam Bappa ya tsayar da keke mai ƙafa uku muka sa ki a ciki. Kina riƙe da ƙafar, hawaye na zuba, abin da kika fara ce mini shi ne, "Mama, saura kaɗan ne fa." Ba ki ce ƙafa tana ciwo ba. Malam ya juya yana kallon titi.

Watannin da kika yi a zaune, ban ɗauko maganar ba. Da kika warke, Malam ya karɓe agogon ya ajiye, ya riƙa auna ki da nasa agogon da yake ratayawa a wuya, ya mayar da ke a hankali har kika yi tseren da ya sa aka zaɓe ki. Da ƙafarki kika ci, ba ki bin kowa. Amma ranar da ya dawo miki da shi don tafiya, na ga kin kunna, sunan TIZHE ya fito, kika ɗago kika kalle ni. Jira kike in yi magana. Da kike haɗa jaka ma kin sake kallona. Na buɗe baki, sai na ji ina ce miki ki riƙa rufe kanki saboda sanyi.

To ga maganar yanzu a rubuce, inda ba zan iya haɗiye ta ba. Na janye abin da na faɗa. Ba ki binne kowa ba. Tizhe ba ya cikin agogo. Jikinsa yana Bahuli kusa da kakansa, shi kuma yana wurin Ubangiji. Tun kafin atisayenki na farko ki kai wa kocinku na can agogon, ki ce a sa sunanki, a rubuta mace, a sa shekarunki da nauyinki, a gwada zuciyarki a sa nata awon. Ki gaya masa labarin ƙafar da bakinki, kada ki ɓoye don tsoron a mayar da ke gida. Ɗan abin takalmin nan ma a sake saita shi, takunki bai kai na yayanki tsawo ba.

Zai ce miki ana iya barin tsofaffin gudun. Ki ce a'a, mamanki ta ce a goge duka. Na san wayar Tizhe ta farfashe ranar hatsarin, na san ba su a wani wuri, in sun tafi sun tafi. Na yi tunanin wannan sosai kafin in rubuta. Amma na san ki, ni na haife ki. In aka bar shi a ciki, za ki yi mako biyu kina bin ƙa'ida, sannan wata ranar da kewa ta taso miki, ko wata ta wuce ki a fili, sai ki kira shi. Ba na son ya kasance akwai abin kira.

Bari in gaya miki abin da ba ki sani ba game da gudun da kike bi. Na tuna ranar da ya yi shi. Ya shigo gida yana ihu, ya ɗaga ni sama da zanina da komai, ina dukan kafaɗarsa ina cewa ya sauke ni. Ranarsa ce mafi kyau. Shi kansa ya sha kiran gudun nan ya bi, bai sake kamo shi ba. Yakan dawo ya jefar da takalmi ya ce, "Mama, Tizhen ranar nan ɗan iska ne, ba ya jira." Abin da mai shi ya kasa, shi na sa ki nema kullum safiya da ƙafa mai ciwo. Ki yafe mini.

Ki kuma tuna yadda yake gudu da ke lokacin da yake raye. Ni ina gani daga hanyar bohol. In ranar atisayenki ce, ba ya shiga gabanki. A kafaɗarki yake, ko ɗan baya kaɗan, yana leƙen hannunki yana cewa, "Rage, Masi, rage, ba kare ke bin ki ba." In lokacin hutu ya yi, shi ne ke kama rigarki ta baya don kada ki zabura. Wancan na gilashin da ke tsere miki ba ya waiwaye, ba halin yayanki ba ne.

Ranar farko da za ki danna maɓalli ki ga ba kowa a gabanki, filin zai yi miki faɗi. Na sani, domin haka tsakar gidan nan ta yi mini. In kuka ya zo, ki bar shi ya zo a lokacin hutu, kina tafiya a hankali, har zuciyarki ta sauko. In agogo ya girgiza, ki share fuska ki tashi da saurin da aka rubuta wa Masi. Da yamma ki kira ni. Kada ki ba ni haƙuri, kuma ba zan tambaye ki wa ya tsere wa wa ba. Ƙafar zan tambaya, ki faɗa mini gaskiya.

Babanki yana gaishe ki. Na karanta masa takardar kafin in naɗe, ya ce in ƙara miki cewa shi ma ya yarda.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki. Ya ƙarfafa ƙashinki, ya haɗa ki da mutanen kirki a ɗakin kwana da a fili, ya kiyaye ki daga sanyin garin da ciwon da ba a gani. Ya dawo mini da ke Mubi a kan ƙafafunki biyu. Amin.

Ni ce mamanki.